Biza daban, izinin shiga aji daban: ga malaman Damagaram masu shirin fita

Tun da na zo hutun bana, da wuya la'asar ta wuce ba a sami wanda ya tarar da ni a fadarmu ta Zango ba, ya jawo benci kusa ya ce, "Mushe, ina son ganinka." Kafin shayi na biyu ya sauka na riga na san zancen. Ya yi shekara bakwai ko goma yana kwantaragi a wani ƙauye ta wajen Mirya ko Magarya, ga iyali, ga kuɗin wata da ba su kai wa ƙarshen wata, yana so in nuna masa hanyar samun bizar Kanada. Ni kuma sai in tambaye shi inda takardun makinsa na jami'a suke, shekara bi shekara. A nan yawanci ake yin shiru.

Na koyar da lissafi a nan gida, na yi shekara biyu ina koyar da Faransanci a Kano, yanzu kuma ina wata makarantar masu Faransanci a yankin Otawa. A wannan yawon na gane cewa malami ƙofa biyu yake bi. Biza ta hukumar shige da fice ce, tana shigar da kai ƙasa. Izinin tsayawa gaban allo kuwa wata hukuma ce daban take ba da shi, kuma babu ruwanta da hatimin da ke cikin fasfonka. Na ga malamai ƙwararru, waɗanda suka fi ni iya aiki, sun sauka da biza lafiya lau, amma sun shekara suna ɗaukar kaya a sito domin takardar da za ta buɗe ƙofa ta biyu tana can cikin wata kabad a Yamai ko Damagaram.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka sayi tikiti, shimfiɗa takardunka a tabarma ka duba sunanka harafi bayan harafi: takardar haihuwa, birebe, bak, difiloma, fasfo. Mu nan Mahamadu da Mahaman da Mamman duk mutum ɗaya ne, kuma wanda ya rubuta Ousmane yau gobe yana iya rubuta Ousman. Can mutum biyu ne. Ni da kaina harafi ɗaya tak a sunan mahaifina ya tsayar mini da dosiye wata biyar, har sai da wana ya yi ta zarya ya samo takardar da ta tabbatar cewa ni ne mai sunayen biyu. Waɗanda kuma aka yi wa takardar haihuwa a kotu da "wajen shekara kaza", su tabbatar ranar da ke fasfo ita ce a ko'ina. Sai takardun maki na kowace shekara, da bayanin darussan da ka ɗauka da awoyinsu, musamman awoyin gwajin koyarwa a aji, da shaidar aiki daga ma'aikatar da ta ɗauke ka mai nuna ba a taɓa dakatar da kai ba. Kaziye kam, takardar kotu mai nuna ba a taɓa hukunta ka ba, wata uku ne ransa, kada ka karɓe shi da wuri.

Wani abu da mutane ba su sani ba sai sun isa: hukumomin rajistar malamai da yawa ba su karɓar takarda daga hannunka, komai yawan hatimin magajin gari da ke kanta. Sai makarantar da ta ba ka ita ta aika musu kai tsaye. Don haka kafin ka tashi, ka je da ƙafarka ka san ofishin da ke wannan aiki, ka karɓi lambar waya, ka kuma bar wa wani ɗan'uwa mai haƙuri takardar wakilci. Daga Otawa ba a bin sahun dosiye da waya kaɗai.

Bari in fara da kusa, domin yawancinmu nan muke fara gwadawa. Daga Damagaram zuwa Kano wuni ɗaya ne ta Matamaye da Daura, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, kuma makarantun kuɗi a Kano da Katsina da Kaduna kullum suna neman mai Faransanci na gaske. Wannan sauƙin ne ke sa mutum ya yi sake. Najeriya tana da hukumar rajistar malamai, TRCN, tun 1993, tana da jarrabawar da ake yi a kwamfuta da Ingilishi, kuma takardun karatun waje ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja ce ke tantance su. Mai makaranta yana iya ɗaukarka ba tare da ko ɗaya ba, amma ranar da kuka saɓa ba ka da madafa, kuma ba za ka iya hawa zuwa makaranta mai albashi mai kyau ba. Batun zama ma ya canza fuska. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 kwana 90 ta ba baƙo ba tare da biza ba, ba izinin aiki na har abada ba, kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025. CEDEAO ta ce a ci gaba da mutunta takardun ƴan ƙasashen uku da suka fita, Nijar da Mali da Burkina Faso, har zuwa wani lokaci, to amma "wani lokaci" ba abin jingina ba ne. Ka je ofishin shige da fice ka nemi katin zama. Ka kuma yi lissafin albashinka da sefa kafin ka sa hannu. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tun tsakiyar 2023 ta faɗi warwas, kuma abin da ya yi kama da kuɗi mai yawa a Sabon Garin Kano yana iya komawa ƴan jikkuna idan ya iso kasuwar Dole.

Ƙasashen Faransanci na Afirka kuwa, abin tambaya shi ne ko CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta waɗannan ƙasashe da aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu, ta amince da difilomarka. Faransa ba zan daɗe a kanta ba. Ofishin jakadancinta a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, kuma ko ka isa, zama cikakken malamin gwamnati na ƴan ƙasa ne da ƴan Tarayyar Turai. Sauran mutane kwantaragi ko makarantu masu zaman kansu, bayan cibiyar ENIC-NARIC ta ba da takardar kwatanta difiloma. Ingila kuma, don Allah a daina yaɗa saƙon nan na WhatsApp mai cewa an buɗe wa malaman Nijar ƙofar koyarwa a can. Da aka faɗaɗa hanyar neman QTS, takardar cancantar koyarwa ta Ingila, a Fabrairun 2023, Najeriya da Gana ne a ciki. Nijar ba ta ciki. Sunayen ne suka yi kama, kuma akwai masu cin kuɗin mutane da wannan kamannin.

Kanada ita ce aka fi tambayata, ita ce kuma na fi sani. Abu na farko: ba ta da ma'aikatar ilimi ta ƙasa baki ɗaya. Kowane lardi da dokarsa da hukumarsa, don haka "ina son koyarwa a Kanada" ba magana ba ce tukuna, wane lardi? Faransancin da muka sha wuya a kansa tun aji ɗaya a nan yake zama jari, domin gwamnatin tarayya tana neman masu Faransanci a wajen Kebek. Tun 2016 akwai izinin aiki na musamman ga masu Faransanci wanda ke sauƙaƙa wa mai ɗaukar aiki, kuma tun 2023 tsarin Entrée express na neman zaman dindindin yana ware musu zaɓe na kansu, ga wanda ya kai mataki na 7 na ma'aunin harshe na Kanada a ji da magana da karatu da rubutu. Ba su yarda da "ai da Faransanci na yi karatu" ba. Sai ka zauna TEF ko TCF na Kanada, kuma sakamakon shekara biyu yake yi ya mutu. Kada ka raina jarrabawar. Ɓangaren saurare da agogo yake tafiya, ya kayar da masu lisansin adabi.

A Ontariyo akwai hukumomin makarantun Faransanci 12, kuma ƙarancin malamai gaskiya ne. Amma ba ka zama malamin makarantar gwamnati sai da rajistar Ordre des enseignantes et des enseignants de l'Ontario, hukumar malaman lardin wadda ta fara aiki a 1997. Tana neman digirin jami'a na aƙalla shekara uku, da horon koyarwa, wanda a lardin ya koma zango huɗu tun 2015. Ga inda nake jin nauyin faɗa wa ƴan'uwana gaskiya, amma dole in faɗa: wanda CFEEN kaɗai gare shi daga makarantar horon malamai irin ta Askia Mohamed, ko da ya yi shekara ashirin yana fitar da yara masu karatu, ba zai sami rajistar nan ba. Aikinsa ba shi da aibi, ma'auninsu ne haka. Idan kana cikin wannan hali, shawarata ka ƙarasa lisansi a nan Jami'ar André Salifou kafin ka motsa. Ya fi maka arha nesa ba kusa ba. Masu lisansi da takardar ENS, babbar makarantar horon malamai ta Yamai, su ne ke da dosiyen da ake iya dubawa, kuma su ma sau da yawa akan ba su izini da sharaɗin cike wasu darussa. Tantancewar difiloma da cibiyar WES ta yi maka don shige da fice ba ta maye gurbin wannan. Kowace da kuɗinta da lokacinta.

Ga malamai mata, ƙannena da yayyena, akwai maganar da ba na so a ɓoye muku. Kebek ta yi doka a 2019, wadda ake kira ta 21, da ta hana sababbin malaman makarantun gwamnati sa alamar addini a bakin aiki, har da hijabi. Ontariyo da Manitoba da Nubo-Burunsuwik ba su da wannan dokar. Otawa ta Ontariyo da Gatino ta Kebek kogi ne kawai tsakaninsu, amma a wannan batu duniya biyu ne. Ki san haka kafin ki zaɓi gari, ba bayan kin kama ɗaki ba.

To ka iso, dosiye yana hannun hukuma, wata shida ko fiye. Satin farko ka karɓi lambar inshorar zamantakewa, domin babu albashi sai da ita, ka buɗe asusun banki, ka yi rajistar katin lafiya, ka sayi takalmin sanyi da riga mai kauri tun kafin Nuwamba. Hunturun Damagaram da muke hura wuta dominsa ba ya cikin lissafi. Can ana sauka ƙasa da sifili da digiri 20. Sannan ka nemi kowace hanya ta shiga harabar makaranta: sa-kai, lura da yara lokacin abincin rana, taimakon aikin gida a ƙungiyoyin unguwa. Za a nemi takardar ƴan sanda ta masu aiki da yara. Kada girman kai ya hana ka. Yawancinmu da canjin malamin da bai zo ba muka fara, waya ta yi ƙara da asuba, a ce maka makaranta kaza, aji kaza. Daraktan da ya ga aikinka da idonsa shi ne zai rubuta maka shaidar da za ta kawo aikin dindindin.

Cikin aji kuma sai ka sake koyon sana'arka. Ka saba da yara tamanin, wasu a ƙasa a ajin zana, kana shiga su miƙe su gaishe ka. Can ashirin da ƴan kai ne, amma kowane da dosiyensa, wasu da tsarin karatu na musamman da doka ta tilasta ka bi, iyaye kuma suna rubuto maka saƙo suna jiran amsa. Yaro zai dube ka cikin ido ya tambaye ka dalili, ba rashin kunya yake nufi ba. Bulala babu ita sam. Kotun Ƙolin Kanada ta rufe wa malamai wannan ƙofar tun 2004. Ko dafa kafaɗa ka kiyaye, kada ka keɓe da ɗalibi ƙofa a rufe, kada ka ba shi lambarka. Idan kuma ka ga alamar ana cutar da yaro a gida, doka ta ɗora maka kai rahoto da kanka. Ba a cewa "bari in sami mahaifinsa mu sasanta" kamar yadda muka saba. Lafazin Faransancinsu zai ba ka wuya wata biyu na farko, naka ma zai ba su. Ka rage gudu, ka riƙa rubuta muhimman kalmomi a allo. Sallar azahar kuwa, ka gaya wa darakta tun ranar farko. Ni ɗan ɗakin ajiyar littattafai aka ba ni, kuma har yau nan nake shimfiɗa darduma.

Jiya wani ƙanen abokina ya nuna mini takarda a wayarsa, wai makaranta a Toronto ta ɗauke shi, ya tura jika 800 a riƙe masa gurbi. Babu hukumar makarantar da ke sayar da gurbi, kuma ba ta ɗaukar wanda ba ta yi hira da shi ba. Duk mai karɓar kuɗi don shawarar shige da ficen Kanada dole ya zama lauya ko mai lasisin hukumar masu ba da wannan shawara, kuma sunayensu suna a fili a intanet. Mun duba tare, sunan mutumin ba ya ciki. Yaron yana da lisansin kimiyyar lissafi, bai taɓa karɓar takardun makinsa na shekara ta biyu ba. Mun yi da shi ranar Litinin da safe zan raka shi jami'a.