Kurakuran da sababbin injiniyoyi ke yi wajen duba titin jirgi

Duk rukunin sababbin injiniyoyin da aka turo mini su koyi duba lafiyar titin sauka da tashin jirage, kurakurai iri ɗaya suke tafkawa, kai ka ce gadonsu suka yi. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta.

Zan fara da wanda ya taɓa kunyata ni, wato ɗaukar makin PCI a matsayin ƙarfin titi. PCI ma'auni ne daga 0 zuwa 100 wanda injiniyoyin sojan Amurka suka ƙirƙiro, ƙa'idar ASTM D5340 kuma ita ce ta shimfiɗa yadda ake yin sa a filin jirgi. Ana yanka titin kashi-kashi, in kwalta ne kowane kashi wajen murabba'in mita 450, in kankare ne wajen falle 20, sai a bi da ƙafa ana rubuta irin lalacewar, tsananinta da yawanta. Abin da ido ya gani a sama, shi kaɗai makin ke faɗa. Na ƙasa ba ruwansa.

A shekarata ta biyu da fara aiki aka ba ni wata hanya da jirage ke bi daga titi zuwa wurin tsayawa. Ba a daɗe da yi mata sabon shafen kwalta ba, baƙa wuluk, sumul, ko tsaga ɗaya babu. Maki ya haura 90. Da aka tambaye ni ko za ta ɗauki manyan jiragen da ake shirin kawowa, ban ko yi tunani na biyu ba na rattaba hannu. Ba a rufa shekara ba layin tayoyi ya lotsa, kwari biyu dogaye, ruwa na kwanciya a ciki, gefensu ya farfashe kamar fatar kada. Da aka huda aka zaro gunduwar kwaltar, sabon shafen bai fi kaurin yatsu uku ba, tsohon da ke ƙarƙashi kuwa ruwa ya cinye shi, tsakuwa ta rabu da kwalta, da hannu ake marmashe shi. Maigidana bai ɗaga murya ba. Ya ɗauko gunduwar ya dire a kan teburina, ya tambaye ni ko ita ma casa'in zan ba ta, ya juya ya fita. Wata da watanni tana nan, na kasa ɗauke ta.

Tun daga ranar ba na cewa uffan a kan ƙarfin titi sai na riƙe abu uku: tarihin gininsa da gyare-gyarensa, gunduwar da aka huda aka ciro na taɓa da hannuna, da sakamakon na'urar nan da ke sako nauyi a kan titi tana auna yadda ya lotsa. Wasu abokan aiki na ganin huda ɓarna ce in akwai na'ura. Ni dai sai na huda.

Ƙarfi yana da nasa ma'aunin daban. Shekara da shekaru ana aiki da tsarin ACN da PCN, lambar jirgi da lambar titi, sai ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ta maye gurbinsa da ACR da PCR daga 28 ga Nuwamba 2024. Nan ma an samu sabuwar hanyar yin kwaɓa: mutum ya ɗauko tsohuwar lambar jirgi ya gwada da sabuwar lambar titi, ya ce ai titin ya fi ƙarfin jirgin nesa ba kusa ba. Sababbin lambobin sun kai wajen ninki goma na tsofaffin, kuma ba a juya wannan zuwa wancan da ninkawa, sabon lissafi ake yi. Sannan ku riƙa karanta haruffan da ke bin lambar. F kwalta, R kankare, A zuwa D ƙarfin ƙasar da aka ɗora titin a kai, W zuwa Z iyakar iskar taya. Na ƙarshen shi kuka fi tsallakewa: T na nufin an yi bincike an lissafa, U kuwa an duba jiragen da suka saba hawa ne aka ƙiyasta. Ban taɓa yarda in jingina babban hukunci a kan U ba.

Yanzu ga wanda ke sa raina ɓaci. Ka shiga mota, ka rufe gilashi, ka sheƙa daga wannan kai zuwa wancan, ka dawo ka rubuta cewa titi lafiya lau. Me ka gani? Zagayen mota na yau da kullum yana da amfaninsa, amma ba shi ne duba lafiyar titi ba. Daga mota ba za ka ga gefen fallen kankare ya fara ɓarewa ba, ba za ka ga robar da aka cusa a mahaɗa ta bushe ta zare ba, ba za ka ji tsakuwa na sakin kwalta a ƙarƙashin takalminka ba. Wannan tsakuwar da ka raina, injin jirgi na zuƙe ta. Ranar 25 ga Yulin 2000 jirgin Concorde ya taka wani siririn ƙarfe mai tsawon kimanin santimita 43 a filin jirgin Charles de Gaulle na Faransa, taya ta fashe, tankin mai ya ɓalle, mutum 113 suka rasu. Ƙarfen daga wani jirgi ya faɗo, gaskiya ne, amma taya ba ta tambayar daga ina abu ya zo. Sauka ka taka da ƙafarka, malam. In lokacin da hasumiyar kula da jirage ta ba ka bai isa ba, ka raba aikin dare biyu ko uku. Ni har ƙaramar sarƙa nake ja a kan kankare, inda ya yi ƙarar ganga na san akwai rami ko rabuwa a ciki.

Na'urar sako nauyi ma tana ƙarya in ka fito da ita lokacin da bai dace ba. Da tsakar rana kankare na buɗewa, mahaɗu su matse, kusurwoyin falle su kwanta a ƙasa, sai sakamako ya nuna nauyi na tsallakawa daga falle zuwa falle daidai wa daida, ramin da ke ƙarƙashin kusurwa kuma ya ɓuya. Da asuba, kafin rana ta taɓa titin, nake gwada mahaɗu. In kwalta ne, zafi na sa shi laushi, don haka duk awon da ba a rubuta zafin kwaltar a gefensa ba, kwandon shara nake jefa shi.

Awon santsi kuma, kada ka tara sakamakon titin duka ka raba ka kawo mini lamba ɗaya. Robar taya a inda jirage ke dira take taruwa, ta toshe kaushin titin, kuma ƴan mitocin nan su ne ke zama sabulu in an yi ruwa. Tsakiyar titi mai kyau sai ta rufa musu asiri a lissafi. Duba kowace mita 100 daban. Gwada a gudun kilomita 65 da kuma 95 a awa, da ruwan milimita 1 da na'urar awon santsi ke fesawa gaban tayarta, domin akwai titin da ke riƙe taya a ƙaramin gudu ya sake ta a babba. Kuma na'urorin awon santsi iri-iri ne, lambar Mu-Meter ba ta GripTester ba ce, kowace da nata mizanin.

Sauran ƙanana ne. Tsagewa mai manyan murabba'ai tsufa ce da rana, fatar kada kuwa nauyi ne, kada ka ba su magani ɗaya. Kada ka zaɓi kashin da ya fi kyau ko wanda ya fi muni don maki ya yi maka daɗi, bi tazarar da ƙa'ida ta ba ka. Hoton tsaga ba tare da ma'auni a gefenta ba hoton banza ne. A farfajiyar ajiye jirage ka soka sukundireba inda mai ya zuba, man jirgi kananzir ne, yana narkar da kwalta. Lambar 0 zuwa 6 da ake ba matuƙa tun 4 ga Nuwamba 2021, kowane kashi ɗaya cikin uku na titi da tasa, halin titin ne a wannan sa'ar, ba ta maye gurbin awon santsin da ake yi domin gyara ba.

Akwai wata ɗabi'a tawa da yaran ke yi wa dariya. Da ruwan sama ya ɗauke, kowa na cikin mafaka, ni nake neman izinin shiga titi da ruler da fenti. Minti kaɗan ne ake da su kafin ya bushe. Duk inda ruwa ya kwanta ya haura milimita 3 sai in zagaye shi da fenti, in bi magudanar ruwa in ɗaga murafu in leƙa ko ciyawa da yashi sun toshe ta, in tsaya a mahaɗun kankare in duba ko akwai farin laka da nauyin jirgi ya tofo daga ƙasa. Inda na ga lakar nan, nan zan kawo na'ura da asubar gobe.