Yadda zaka gyara iskar da kake shaka a cikin motarka

'Yan uwa direbobi, musamman masu bin hanyar Garwa zuwa Marwa har Kuseri, dan Allah mu kula da abin da muke shaka a cikin mota, ciwon kai da barcin da ke kama mutum a tuki ba duka gajiya ba ne.

Ka fara da salansa. In ta fashe ko ta huje, hayaki na shigowa ta kasan mota ko ta but, kuma a cikinsa akwai iskar kabon monoksaid wadda bata da wari bata da launi, tana kama jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200, sai kaji jiri da tashin zuciya kana zaton zafi ne. Ka kai garaj a walda ta, a toshe ramukan kasan mota, a sake robar kofar baya in ta ci. Kuma wallahi kada ka kwana a mota injin na aiki gilas a rufe don kana son sanyin klim, wato na'urar sanyaya mota, haka mutane ke tafiya cikin barci ba su farka ba.

Sai maballin nan mai hoton mota da kibiya lankwashe a ciki, shi ke hana iskar waje shigowa. Ka danna shi in kana bayan kamiyo mai bakin hayakin gazwal ko a cunkoson gadar Ngeli da ke tsakanin Kuseri da Njamena, haka lokacin hunturu in kurar Bodele ta taso daga arewacin Cadi ta rufe gari. Amma kar ka barshi haka tsawon tafiya, numfashin fasinjoji zai taru barci ya daukeka, in hanya ta yi sarari ka kashe shi ko ka dan sauke gilas.

Filtar iska yawanci tana bayan akwatin gaban fasinja, masu kera mota sukan ce a canza bayan kilomita 15,000 zuwa 20,000, mu da kurar nan tamu kar ka jira ta kai haka. Wasu tsofaffin motoci ma basu da ita sam, ka tambayi makanike.

Jarkar zuwa-zuwa kuwa, wato man fetur da ake sayarwa a bakin hanya, bata da wurin zama inda mutane ke zaune, tururin esans na cutarwa ga hadarin gobara. Taba ma a bari sai an sauka, balle da yara a ciki. In mota ta sha ranar Afrilu, bude kofofi duka zafin da warin roba su fita kafin ka dauki kowa.