Yadda na juya lissafin Kawu daga XML zuwa CSV da JSON da Haskell

Kawuna dillalin dankalin Turawa ne a kasuwar Farin Gada, nan Jos. Yaron shagonsa ya daɗe yana shigar da ciniki a wata tsohuwar manhaja da ba ta iya fitar da komai sai XML, wani tsarin fayil da ke sa kowane bayani tsakanin alamomi masu suna. Rannan da sanyin safiya ya kira ni ya ce, "Kai ɗan boko, so nake in ga lissafin nan a Excel, in san wa ya ɗauki buhu nawa." Na ce, "An gama, Kawu."

Da Haskell, wani yaren rubuta manhaja, na yi aikin juya XML ɗin zuwa CSV, tsarin tebur da Excel ke buɗewa, da JSON, tsarin da manhajoji ke musayar bayanai da shi. Za ka buƙaci laburare uku (shiryayyun kayan aiki da wasu suka rubuta) a fayil ɗin cabal, inda ake jera abin da shirin ke buƙata: xml-conduit na karanta XML, cassava na rubuta CSV (e, sunan rogo ne da Turanci, ba ni na raɗa masa ba), sai aeson na JSON. Ka sauke su inda intanet ke da ƙarfi, don GHC, manhajar da ke harhaɗa shirin Haskell, ita kaɗai na iya cinye maka data.

Kada ka ce za ka juya XML kai tsaye zuwa CSV. Fara gina rumbu a tsakiya, wato nau'in bayanai naka na kanka. A fayil ɗin Kawu kowane `<ciniki>` na ɗauke da `<suna>`, `<waya>` da `<buhu>`. Ka kunna zaɓin GHC mai suna OverloadedStrings, sannan:

```haskell
data Ciniki = Ciniki
  { suna :: Text, waya :: Text, buhu :: Int }
  deriving Generic

ciro :: Cursor -> Either Text Ciniki
ciro c = case readMaybe (T.unpack (fili "buhu")) of
    Just n  -> Right (Ciniki (fili "suna") (fili "waya") n)
    Nothing -> Left (fili "suna")
  where
    fili s = T.strip (T.concat (c $/ laxElement s &/ content))
```

Lura da abu biyu. Na sa `laxElement` maimakon `element`, saboda fayil ɗin na da `xmlns` a samansa, wato alamar da ke nuna rukunin da sunayen ciki suka fito. Da farko `element` na sa, shirin ya gudu lafiya lau, bai yi ƙorafi ba, amma bai kawo ko layi ɗaya ba. Na kusa awa guda ina zargin kaina kafin na gano cewa `element` na duba sunan ne haɗe da xmlns ɗinsa, shi kuwa `laxElement` ba ruwansa.

Na biyu shi ne `Either`. Yaron shagon, Allah Ya shirye shi, wani wuri ya rubuta "12 da rabi" a gurbin buhu, wani wuri ya bar shi fayau. Da `read` na yi amfani maimakon `readMaybe`, da shirin ya faɗi a layin farko mai matsala. Da `Either` kuwa, mai kyau ya bi dama (`Right`), gurɓatacce ya bi hagu (`Left`) da sunan mai shi, kamar dai yadda ake tsince ruɓaɓɓen dankali kafin a ɗinke buhu:

```haskell
main = do
  doc <- X.readFile X.def "ciniki.xml"
  let duka = fromDocument doc $// laxElement "ciniki"
      (gyara, lafiya) = partitionEithers (map ciro duka)
  BL.writeFile "ciniki.csv" ("\xEF\xBB\xBF" <> Csv.encode lafiya)
  encodeFile "ciniki.json" lafiya
  T.writeFile "gyara.txt" (T.unlines gyara)
```

Tunda akwai `Generic`, rubuta `instance Csv.ToRecord Ciniki` da `instance ToJSON Ciniki` ya wadatar, ba sai ka cika musu komai ba. Gobe in an ce maka ana son wani tsari daban, `ciro` na nan yadda yake, layi ɗaya za ka ƙara a ƙasa.

Waɗancan baƙaƙe `\xEF\xBB\xBF` su ne suka cece ni. Karon farko ban sa su ba, Kawu ya buɗe fayil ɗin a Excel sai ga duk sunan da ya fara da "Ɗan" ya koma "ÆŠan", ƙ kuma ta zama "Æ™". Ya bugo waya ya ce, "Wannan wane yare ne?" Cassava ba ta yi laifi ba, ta rubuta haruffan daidai a tsarin UTF-8. Excel ne ba ya gane hakan sai an sa masa wannan alama ta BOM a farkon fayil. Amma kar ka sa ta a JSON.

Saura sifirin lambar waya. Ko da ka bar `waya` a matsayin `Text`, in aka danna CSV sau biyu Excel zai ɗauke ta adadi ya haɗiye 0 na farko, 080 ta koma 80. Shigo da fayil ɗin ta Data, sai From Text/CSV, ka mayar da jerin lambobin wayar Text kafin ka loda.

In fayil ɗinka ya yi girman da zai cika ƙwaƙwalwar kwamfuta, koma Text.XML.Stream.Parse, yana karantawa kaɗan-kaɗan. Na Kawu bai kai nan ba.

Sunayen da suka faɗa gyara.txt na buga su a takarda na kai masa kasuwa. Ya sa tabarau ya duba, ya ƙwala wa yaron kira, ya ce ya ɗauko tsohon littafin ciniki su bi su ɗaya bayan ɗaya.