Yadda Ake Cin Moriyar Icce a Murhu Ba Tare da Hayaƙi Ya Cuci Gida Ba

Duk da cewa matatar man fetur ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011, tana fitar da gas na girki a nan kusa da Damagaram, har yanzu gidaje da yawa a Birni, Zango, Garin Malam da ƙauyukan kewaye da icce suke dafa abinci, da shi suke ɗora ruwan wanka, da shi kuma suke jin ɗumi idan hunturu ya kankama. Abin da ya kamata uwargida da maigida su fara riƙewa shi ne, hayaƙin da ke tashi daga murhu icce ne da bai gama ƙonewa ba. Kuɗin cefane ne ke bin iska, kuma kafin ya tafi sai ya bi ta idanu da ƙirjin mai girki da yaron da ke goye a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Gyara yana farawa ne tun wajen mai sayar da icce. Ɗanyen icce kan ɗauki ruwan da ya kai kusan rabin nauyinsa, kuma sai wuta ta kori wannan ruwa kafin zafinta ya isa tukunya, shi ya sa ake ganin kumfa a gindinsa, ana jin yana tsuwa, ana ta fifita amma harshen wuta ya ƙi tashi. Busasshe ba ya ɓuya: bakinsa a tsage yake, ɓawonsa yana ɓantarewa, ba shi da nauyi a hannu, kuma idan aka buga biyu sai a ji amo mai kaifi. Wanda ya sayi manyan gungume ya sa a faskara su tun da wuri, domin faskare ya fi gungume saurin bushewa. A jera shi a kan duwatsu ko tubali don kada ya taɓa ƙasa, saboda gara da laima, a kuma bar wa iska hanya. A rani, rana da iskar Damagaram sun isa su yi aikin. Wahalar tana damina, daga Yuni zuwa Satumba, don haka mai hali ya tanadi iccensa kafin ruwan farko, ya rufe samansa kawai, ya bar gefuna a buɗe.

Itatuwa kuma ba ɗaya suke ba. Marke, bagaruwa, aduwa da ƙirya suna da ƙarfi, suna daɗewa suna ci, suna barin garwashi mai kyau. Ba banza maƙera suka fi son gawayin ƙirya ba. Waɗannan itatuwa su ne na tuwo, wake da naman da ke buƙatar dogon dahuwa. Sabara da geza suna kamawa da sauri, sun dace da ɗumame da shayi. Karan gero na tada wuta ne, ba na riƙe ta ba. Tumfafiya kuwa ba ta da ƙarko, hayaƙinta na damun ido, ƙaronta ma haɗari ne ga ido. Gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare, kuma manoman Magarya, Matamaye da Mirya sun san darajarsa a gona, don haka reshen da aka sassabe ya bushe ake kawowa murhu, ba a kayar da uwar itacen.

Akwai abin da bai kamata ya shiga murhu ba ko kaɗan: leda, roba, tsohon takalmi, katakon da aka yi wa fenti da wanda aka shafa wa maganin gara. Ɗabi'ar kunna leda a ɗiga a kan icce ta yaɗu ƙwarai saboda sauƙinta, amma hayaƙinta guba ne, kuma narkakkiyar leda idan ta ɗiga a fata liƙewa take. Zuba fetur a kan wuta ya fi wannan muni, domin tururinsa kan kama kafin a janye hannu, wutar ta biyo kwalbar.

Wajen hurawa, a fara kwashe tokar jiya, domin ita ce ke toshe iskar da ke shiga ta ƙasa. A sa busasshiyar ciyawa ko ɓawon kara, a ɗora ƙirare a kai a gicciye da ƴar tazara tsakaninsu, sai sun kama sosai a sa faskare biyu ko uku. Cusa icce biyar ko shida a lokaci ɗaya shaƙe wuta yake yi. Bakin iccen kaɗai ake so ya ci, ana iza shi kaɗan-kaɗan yayin da yake ƙonewa. Harshen wutar da ya fito yana lasar gefen tukunya har ya wuce wuyanta, tsakar gida yake ɗumamawa. Da zarar ruwa ya tafasa, a zare icce ɗaya ko biyu, domin ƙarin wuta ba ya ƙara wa tafasasshen ruwa zafi, ƙafar da shi kawai yake yi. Murfi a kan tukunya, jiƙa wake tun da dare, da haɗa kayan miya kafin a kunna ashana, duk suna rage iccen da za a ƙona.

Murhun duwatsu uku yana da sauƙi, amma a fili cikin iska, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin iccen ne kawai ke shiga tukunya. Tun shekarun 1980 aka yaɗa ingantattun murhu a Nijar, irin su Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka, kuma hikimarsu ɗaya ce: bango ya kewaye wuta da tukunya, ya tare iska, ya tilasta wa zafi bin jikin tukunyar. Sharaɗin shi ne murhu ya dace da girman tukunya, tazarar da ke tsakaninsu ta yi kamar kaurin ɗan yatsa. Ƙaramar tukunya a babban murhu asara ce. Wadda ba ta da ko ɗaya, ta cike tsakanin duwatsun da laka, ta bar ƙofa ɗaya ta icce, kada ƙofar ta fuskanci gabas ko arewa inda iskar hunturu ke kaɗowa. Madafa kuma ta samu ƙofa da taga ko rami a sama ta inda hayaƙi zai fita. Gidan da ke da murhu mai bututun hayaƙi ya riƙa kankare baƙin da ke taruwa a ciki, domin shi ma yana kama wuta.

Haɗari mafi girma yana zuwa ne a daren Disamba da Janairu, lokacin da ake shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Garwashin da ba ya hayaƙi ma yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana hana jini ɗaukar iskar numfashi. Alamominta ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya da kasala, wanda kuwa ke barci yana iya wucewa bai farka ba. A ɗumama ɗaki ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Ɗakin mai jego ya fi kowane buƙatar wannan kulawa, domin a can aka fi ajiye wuta, kuma jariri ba ya iya faɗin abin da ke damunsa. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, ko aka kasa tada wani, a fitar da su waje nan take, a buɗe ko'ina, a garzaya asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi.

Bayan girki, a zare ragowar bakin wuta a turbuɗe shi cikin yashi, gobe zai yi amfani. Toka kan ɓoye garwashi har wayewar gari, don haka kada a zubar da ita kusa da zana, darni, rumbu ko harawar dabbobi sai an tabbatar ta huce. A garin da ruwan famfo kan yi wuya, bokitin yashi a gefen murhu ya fi dogaro da randa, kuma man da ya kama wuta a kasko murfi ake kifa masa, ba a watsa masa ruwa. Idan yaro ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20, kada a shafa man goge haƙori, ƙwai ko manja, a rufe da tsumma mai tsabta a kai shi likita. Idan kuwa wuta ta kama rufi ko darni, a fitar da mutane tukuna, sannan a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.