Darasi na 9: Yadda Ake Sauya wa Furen Okid Tukunya

Jama'a, yau a kan furen okid za mu yi, wannan da ake sayarwa cikin 'yar robar da ba ta kai kofin shayi ba. Irin da aka fi gani sunansa Phalaenopsis, asalinsa dazukan kudu maso gabashin Asiya ne, su Filifin da Indonesiya, kuma can ba a ƙasa yake tsiro ba, jikin bishiya yake maƙalewa. Amma fa ba kauci ba ne, bai tsotsar bishiyar, mazauni kawai ya samu, saiwarsa na shan iska da ruwan sama. Shi ya sa in ka cusa shi cikin ƙasa ko taki kamar tumatir, to ka kashe shi.

Ɗaga robar ka duba. Saiwa mai rai tana da kauri da tauri, in ta bushe sai ta yi fari-fari kamar azurfa, kana zuba ruwa ta koma kore shar. Wadda ta mutu baƙa ce, ka matsa ka ji laɓo-laɓo ko holoƙo. Don saiwa ta leƙo waje kada hankalinka ya tashi, halinsa ne, yana son matsi. Sai ta nannaɗe ta cika robar tam, ko abin da ke ciki ya ruɓe ya fara wari, sannan a sauya, galibi bayan shekara 1 zuwa 2, kuma a bari sai furen ya zube.

Ka jiƙa shi kamar minti 15 don saiwar ta yi laushi. In ya ƙi fita, yanka robar, kar ka fizge, wallahi saiwar nan ta fi robar daraja. Sai ka bi da yatsa a hankali kana cire tsohuwar gansakukar da aka danƙara a tsakiya, ita ce ke riƙe ruwa tana ruɓar da shi ba ka sani ba. Goge almakashi da sipirit, datse matattun kawai.

Sabuwar tukunya ta ɗan ɗara tsohuwar da santimita 2 ko 3, mai huji da yawa. Nan ne mutane ke kuskure, tausayi ya sa su kawo ƙatuwa, ruwa ya kwanta. Zuba ɓawon itace da gutsattsarin gawayi da ɓawon kwakwa da aka wanke, kana ɗan bubbuga gefe su shiga tsakanin saiwoyin. Wuyansa, inda ganye ya fara, ya zauna a sama kar a binne.

Ajiye shi inda akwai haske amma rana ba ta dukansa, ka bari 'yan kwanaki kafin ban ruwa. Da hunturu iska na busar da shi da wuri, sai ka riƙa leƙa launin saiwar kafin ka ɗauko buta.