Daga samfur ɗaya zuwa guda 200: ƙera batirin rauta da kuɗin karo-karo a Kaduna

A ce ka haɗa ɗan akwati da ke riƙe wa rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, wuta idan an ɗauke: batir uku, ƙaramin allon lantarki, waya biyu. Ya yi aiki a kan teburinka, ka ɗora bidiyonsa a Facebook da WhatsApp, jama'a suka ce a yi musu. Ba ka da jarin ƙera 200, sai ka ce kowa ya biya tukuna, a haɗa kuɗin a sayo kaya. Daga ranar da kuɗin farko ya faɗo asusunka, bashi ne a wuyanka, kuma da akwati mai aiki kaɗai ake biyan sa.

A ƙasashen waje shafin intanet na Kickstarter ne ya yi suna da wannan harka tun 2009. Yana cire kashi 5 cikin 100, masu sarrafa kati su ƙara cire kashi 3 zuwa 5, kuma Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da mutum zai buɗe neman kuɗi daga cikinsu. Saboda haka a nan hanyar ita ce rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, asusun banki na wannan aiki shi kaɗai, da shafin biya na Paystack ko Flutterwave. Amma ka ari ƙa'idar Kickstarter guda: idan ba a kai adadin da ka sa ba zuwa ranar da ka yanke, kowa a mayar masa da kuɗinsa. Wanda ya lissafa farashi a kan 200 ya tashi da 60, kowane akwati da asara zai fita. Kada kuma ka yi wa kowa alkawarin rabon riba, domin wannan ya koma zuba jari, kuma hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari tana da dokokinta a kai tun 2021. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan ciniki na biya kafin kaya, shi ne salam, sharaɗinsa kuwa a fayyace siffa da adadi da lokaci. Rubuta su ƙarara: awa nawa yake riƙewa, wace rauta yake ɗauka, da caja ko babu, wane wata za a kawo.

Farashi shi ke kayar da yawancin masu farawa, domin batir da allo kawai suke ƙirgawa. Sa komai a takarda: batir, allo, akwati, caja, waya, sukuru, dalma, takardar manne, kwali, jigila daga Sin, kuɗin fito, harajin VAT na kashi 7.5, motar Legas ko Kano zuwa Kaduna, man janareta, ladan masu haɗawa, da abin da kamfanin biya zai cire. Ƙara kashi 10 na kayan da za su lalace a hannu. Abin da ya fito, ninka shi biyu aƙalla. Zai yi maka kamar tsada, amma ribin nan shi zai ɗauki canjin akwatin da aka dawo da shi da kuma tashin dala. A watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Don haka a makon da aka rufe karɓar kuɗi, a makon za ka biya duk abin da ake saye da dala ko yuwan. Kwali da takarda na gida ne, za su jira.

Kafin ka karɓi ko sisi, haɗa guda goma da ainihin kayan da za ka yi 200 ɗin da su, ka raba wa mutane masu rauta iri daban-daban su yi mako uku da su. Anan ne aibu ke fitowa. Bayan an gyara, a rufe zane. Wani zai ce a ƙara tocila, wani ya ce a sa wurin cajin waya. Ka ce sai zubi na biyu.

Batir

Batirin 18650, wato mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, shi ne zuciyar abin, kuma nan ne algus ya fi yawa. Na gaskiya ba ya wuce kimanin 3,500mAh, duk wanda aka rubuta wa 9,900mAh ƙarya ce tsagwaronta. Ɗora shi a sikeli: mai kyau yana kai giram 45 ko sama kaɗan, na bogi sau da yawa ba ya kai 35. Akwai kuma waɗanda aka ciro daga tsohon batirin laftof aka sake musu riga. A samfur ɗaya za su yi aiki, a 200 kuwa kowanne da halinsa.

Ga lissafin da za ka faɗa wa jama'a. Batir uku na 2,600mAh a jere, kowanne 3.7V, sun ba da kusan wat 29 na awa ɗaya. Cire kashi 15 da ke tafiya a zafi, saura 24 da ɗoriya. Rauta mai cin wat 6 za ta yi awa huɗu. To ka ce uku da rabi, kada ka ce takwas.

Ukun da za su zauna tare su zo daidai: auna kowanne da mita, bambancinsu kada ya wuce 0.03V. In ɗaya ya fi rauni, shi zai fara ƙarewa, allon kariya ya yanke wuta alhali sauran biyun da sauransu. Kada a sa ƙarfen dalma kai tsaye a kan batir, zafin yana lalata cikinsa. Da injin walda na ɗigo ake haɗawa, da zirin nikel mai kaurin milimita 0.15. Shi ma nikel ɗin akwai na jabu, ƙarfe ne aka shafe. Kankare guntu ka jefa a ruwan gishiri, in ya yi tsatsa cikin kwana biyu ka san abin da aka sayar maka. A kan kowane batir, wajen kai, a manna zoben takardar kariya, domin jikin batirin gaba ɗaya ɓangaren ƙasa ne, wato nagetif, leda ce kawai ta raba shi da zirin da ya bi ta kansa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar BMS, wato allon kariyar batir, a matsayin caja. Shi mai gadi ne kawai, yana yankewa in an wuce iyaka. Batir uku a jere 12.6V suke bukata kafin su cika, cajar rauta kuwa 12V take bayarwa, ba za ta taɓa cika su ba. Ko dai ka sa wa allonka sashen caji na gaske, ko ka haɗa da caja ta 12.6V mai amfiya 2, wadda za ta iya ciyar da rauta tana caji lokaci guda. Sai bakin waya. Akwai mai kaurin milimita 5.5 da ramin ciki 2.1, akwai mai 5.5 da 2.5, a ido kamar tagwaye. Na 2.5 zai shiga ramin 2.1 amma yana rawa, rauta ta riƙa mutuwa tana tashi, mai ita ya ce akwatinka ne. Tambayi kowane mai biya sunan rautarsa da abin da aka rubuta a bayan cajarta, domin wasu 9V suke ci.

Akwati da allo

Mazubin roba na masana'anta dubban daloli ne, kuma in ka yi kuskuren rami ɗaya gyaransa wani kuɗin ne. A guda 200 bai taso ba. Sayi akwatin robar ABS da ake sayarwa a shirye, ka kai ɗaya kasuwar Panteka a yi maka ma'aunin ƙarfe mai ramuka, wanda za a riƙa kifawa a kan kowane akwati a huda. Ramin na farko da na 200 za su zo wuri ɗaya. In injin buga roba mai siffa uku za ka yi amfani da shi, guji robar PLA: tana fara laushi a wajen digiri 60, but ɗin mota a rana ta watan Afrilu kuwa ba wasa ba ne. Robar PETG tana jurewa har wajen 80.

Allon kuwa zana shi a manhajar KiCad, kyauta ce, ka tura fayil ɗin zanen, wanda ake kira Gerber, ga masu bugawa irin JLCPCB ko PCBWay. Fara da biyar, ka gwada, sannan ka ba da odar 220. Ka duba kalanda: sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu su rufe, kuma ba sa dawowa daidai sai bayan makonni. Akwai wani hutun a makon farko na Oktoba. Duk ranar da lissafi ya ba ka, ƙara mata wata biyu kafin ka sanar.

Allo da ƙananan kaya su taho ta jirgin sama. Batirin lithium zalla, irin 18650, kaya ne mai haɗari a dokar jiragen sama, lambarsa UN3480, kuma tun Afrilun 2016 an hana loda shi a jirgin fasinja. Ko ya biyo jirgin ruwa, wanda zai ci makonni shida ko fiye, ko ka saya wurin babban dila a gida bayan ka gwada nasa. Ka nemi takardar gwajin UN38.3 a wurin mai sayarwa. Mai kawo kaya da sunansa sai ya buɗe Form M, takardar shigo da kaya, a banki ya nemi SONCAP, shaidar ingancin kaya, shi ya sa ƙananan masu ƙira ke bi ta masu haɗa kaya a birnin Guwanzu na Sin, waɗanda ke caji a kan kilo. Tambaye su a rubuce ko kuɗin har da fito. Tashar tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a Janairun 2018 ta masu kwantena ce, kayanka ba su kai nan ba tukuna.

Haɗawa da gwaji

Kada mutum ɗaya ya haɗa akwati daga farko har ƙarshe. Ɗaya walda, ɗaya dalma, ɗaya ɗauri, ɗaya gwaji, kuma mai gwaji kada ya zama cikin masu haɗawa. Yi ashirin ka tsaya ka duba kafin a ci gaba. In aikin ya faɗo lokacin hunturu, iska ta bushe, wannan ɗan tartsatsin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota ya isa ya kashe ƙananan sassan allo, wani lokaci sai bayan mako biyu aibun zai bayyana. A ɗaura igiyar hannu mai sauke wuta ƙasa, a kawar da leda da darduma daga tebur. A ajiye bokitin yashi kusa, kuma kada a bar caji ya kwana babu kowa.

Kowane akwati a ba shi lamba, a cika shi, a sa masa nauyin wat 6 har ya mutu, a rubuta mintocin da ya yi. Wanda ya gaza alkawari ba ya fita. Sannan a jona shi da rauta ta gaske, a zare caja a mayar sau ashirin. In ta sake tashi ko sau ɗaya, akwai matsala a wurin sauyin wuta.

Aikawa

A tura shi da rabin caji, makunni a kashe an manne shi da salatif. Kwalin gwaji a sake shi daga tsayin ƙugu ta kowace fuska, a buɗe a gani. Kamfanonin aike irin DHL suna auna girma ma: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwali mai 40 da 30 da 30 kilo 7.2 za a caje shi ko da auduga ce a ciki, don haka rage iska a kwali. Ka faɗa musu akwai batir, ɓoyewa kan sa a riƙe kayan.

Na cikin gari su zo su karɓa a rana ɗaya, a gwada a gabansu. Na Zariya da Kano da Katsina ta tashar Kawo, na Legas ta Mando, na kudu maso gabas ta garejin Television. A bi ta ofishin yuniyon a karɓi rasit, a ɗauki hoton kwali da lambar mota, a tura wa mai kaya lambar direba. Kafin wannan duka ka sake tambayar kowa adireshi da lambar waya, domin a wata huɗu mutane suna ƙaura, layuka suna mutuwa.

In an samu jinkiri, faɗa da wuri, da dalili da sabuwar rana da hoton inda aiki ya tsaya, duk mako biyu ko da babu sabon labari. Kuma ka ɓoye guda goma kada ka sayar, ko nawa aka taya. Wanda nasa ya mutu a watan farko a tura masa sabo a ranar, nasa ya dawo, a buɗe shi, a duba lambarsa a littafin gwaji a ga da waɗanne aka haɗa shi rana ɗaya.