Yadda Ake Haɗa Katin Murnar Ranar Haihuwa da Hannu Ba Tare da Cin Haƙƙin Mai Zane Ba

Kayan aikin ba su da yawa: kwali mai ɗan kauri girman A4, almakashi ko reza, rula, fensir, gam, da biro da tawadarsa ta ƙare. Sai hoton da za a liƙa a gaba, wanda a nan ne aka fi yin ganganci, don haka da shi za mu fara.

Hoton da ka gani a Google ko Pinterest yana da mai shi, ko da ba a rubuta suna ba. A Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare zane tsawon rayuwar mai shi da ƙarin shekara 70 bayan mutuwarsa. Ke nan aikin mai zanen Najeriya Ben Enwonwu, wanda ya rasu a 1994, da na Picasso, wanda ya mutu a 1973, har yanzu suna ƙarƙashin kariya. Amma zane-zanen furanni na Van Gogh (ya mutu a 1890), da na lambuna na Monet (1926), da na igiyar ruwa na Hokusai (1849) duk sun zama na kowa. Ka ɗauko su daga tushe mai tsabta. Tun 2017 gidan tarihi na Metropolitan da ke Amurka ya saki hotunan tsofaffin ayyukansa kyauta, gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amstadam ma yana bayar da nasa kyauta.

Idan Wikimedia Commons ka shiga, wato rumbun hotunan kyauta na intanet, karanta sharaɗin amfani da ke ƙasan hoton. CC0 na nufin ka yi yadda ka so. CC BY, dole ka ambaci mai shi. A wasu shafukan kuma za ka ga mai ɗauke da NC, wato ba na kasuwanci ba; shi kuwa, ka ba wa ƙanwarka kyauta, amma kada ka kai shi kasuwa. In mai zanen yana raye, a Instagram ka gan shi, tura masa saƙo ka nemi izini, ka faɗi ko kati ɗaya ne ko na sayarwa. Kada ka kuskura ka datse sa hannunsa don hoton ya yi daidai da kwali. A ganina wannan ya fi ɗaukar hoton muni.

Yanzu sai aikin hannu. Auna tsakiyar kwalin, ka ɗora rula, ka ja layi da busasshen biron nan kana dannawa. Wannan zanen da ba a gani shi ke sa kwali ya ninku sumul ba tare da ya tsage ba. Buga hoton ƙasa da girman fuskar katin, ka bar kamar santimita ɗaya kowane gefe. Gam kaɗan a kusurwoyi da tsakiya ya isa, domin na ruwa in ya yi yawa takarda tanƙwarewa take yi. Kana son ado? Karɓo guntayen atamfa wurin tela ka yi wa hoton gefe da su, ko ka zana dagi da hannunka.

Rubuta gaisuwar da fensir tukuna, sannan ka bi da biro. A bayan katin, can ƙasa, sa sunan mai zanen da inda ka samo hoton. Danne katin da littafi mai nauyi ya kwana, kashegari ka saka shi a ambulan girman C5, wanda shi ne daidai da A4 da aka ninka biyu.